Shekara 18 bayan gashi, wuyan Auta ya sake tashi

Auta 'yar yayata ce, a Gwammaja aka haife ta, a nan ta girma. Ita ta nemi a rubuta wannan labari. Ta ce da ni, "Kawu, kai ka san sunayen magungunan nan da ma'anar lambobin da ke jikin takarduna. Ka rubuta yadda abin ya faru, kada ka rage komai, sunana kawai za ka sakaya." Auta ɗin ma sunan gida ne.

Tana da shekara 11 kaluluwa ta fito mata a gefen wuya na hagu. Ba zafi, ba ja, in ka danna sai ka ji kamar roba. Sai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare har ya jiƙa zanin gado, ga rama. An ɗauka tibi ce, ta sha maganinta wata biyu, kaluluwar sai ƙara yawa take. Da aka ciro ɗaya aka duba a lab, aka ce kansar kaluluwa ce, irin wadda likitoci ke kira Hojkin. A cikin cututtukan daji tana cikin masu jin magani sosai, musamman a jikin yara.

An fara mata da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa da ake sawa ta ƙarin ruwa, duk bayan mako biyu har wata shida. Cikin magungunan akwai wani ja jawur mai suna doksorubisin, wanda zan dawo kansa. Daga nan aka ce sai gashi, wato a haska wurin ciwon da wani haske mai ƙarfi na inji don ya kashe ƙwayoyin kansar. A lokacin babu injin gashi a Kano, sai aka tura su wani asibitin koyarwa a wata jihar. Yaya ta tattara 'yan komatsanta suka hau mota a Unguwa Uku. An zana wa Auta layuka da tawada a wuya da saman ƙirji, aka ja wa Yaya kunne kada ruwa ya goge su, domin da su ake saita injin kullum. Kusan mako uku Yaya da tsumma take goge mata jiki, tana kewaye layukan nan kamar mai gudun taka ƙwai. Shi gashin ba ya wuce 'yan mintoci: a kwantar da yarinya, kowa ya fita, a rufe ƙofa mai nauyi, injin ya yi ƙara, shi ke nan sai gobe. Daga Litinin zuwa Juma'a, zama 14, kowane zama Gy 1.8, jimilla Gy 25.2. Wannan Gy ɗin, da ake furtawa girei, shi ne mudun da ake auna yawan hasken da nama ya sha.

Ta warke, alhamdu lillahi. Ina so a riƙe wannan kafin in ci gaba: ba don gashin nan da kemon nan ba, da wuya Auta ta ga shekara 15.

Amma hasken gashi ba ya tantance nama mai ciwo da mai lafiya. Aikinsa shi ne ya tsittsinka zaren halitta da ke cikin kowace ƙwayar jiki, wanda ake kira DNA. Ƙwayar kansa ba ta iya ɗinke wannan ɓarna da kyau, sai ta mutu. Ƙwaya mai lafiya takan ɗinke, shi ya sa ake raba gashin kaɗan-kaɗan ana ba ta kwana ta huta. Sai dai wani lokaci ɗinkin yakan zo a karkace. Ƙwayar ba ta mutu ba, ba ta kuma koma daidai ba, sai ta zauna shiru da tabonta tana hayayyafa a hankali shekara da shekaru. A gaban wuya, ƙasan zakaran wuya, akwai wata tsoka mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi, ita ce tairod, ita ce take kumbura a ce mutum ya yi maƙoƙo. Tana cikin sassan jikin yaro da suka fi saurin kamuwa da illar haske, kuma a kan hanyar da ake bi a gasa kaluluwar wuya take zaune.

Bayan shekara biyar ana zuwa ana dubawa ba a ga komai ba, sai gida ya ɗauka an gama. Aka yi sadaka, aka daina zuwa asibiti. A nan kuskuren yake, kuma kuskure ne da nake ganin gidaje da yawa suna yi. Shekara biyar ɗin da ake faɗa ta ciwon farko ce, wato in bai dawo ba a cikinsu da wuya ya dawo. Ciwon da gashi ke haifarwa kuwa a lokacin ma yake fara ƙirga kwanakinsa. Kansar tairod da wuya ta bayyana kafin shekara 5 da yin gashi, ta fi fitowa tsakanin shekara 15 zuwa 30, kuma haɗarin bai gushe ba ko bayan shekara 40.

Auta ta yi aure tana da 21. Abin da aka gaya wa dangin miji shi ne ta yi ciwon wuya tana yarinya. Ban ga laifin Yaya ba, kowa ya san yadda kalmar daji take kashe maganar aure a garin nan. Amma ɓoyon ya yi nisa har ita Autar ba ta san sunan ciwon da ta yi ba, ba ta kuma san abin da aka yi mata a ɗakin nan mai ƙofa mai nauyi sunansa gashi ba. Duk awon cikin da ta yi na haihuwa uku, in an tambaye ta tsohon ciwo sai ta ce babu.

Tana da 29, tana ɗaura ɗankwali a gaban madubi, ta ga wani ɗan ƙullutu a gaban wuyanta ta dama, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta haɗiyi yawu, ya yi sama ya dawo. Wannan motsin alama ce ta cewa ƙullutun a jikin tairod yake, domin tairod manne take da maƙogwaro, tare suke hawa su sauka. Matan gida suka ce maƙoƙo ne, na haihuwa ne, zai baje. Wata ta kawo jiƙo, wata ta ce a ƙara gishiri mai aidin. Ta je wani ƙaramin asibiti, aka yi mata gwajin jini na TSH, ya fito 2.1, cikin ƙa'ida, domin daidai yana tsakanin 0.4 da 4.0 ne. Aka ce ta je lafiyarta ƙalau.

Wannan tarko ne da ya kamata kowa ya sani. TSH yana gaya maka ko tairod tana fitar da sinadarinta daidai ne, ba ya gaya maka ko akwai kansa a cikinta. Mafi yawan masu kansar tairod gwajin jininsu lafiya lau yake fitowa. Da wannan takardar Auta ta kwantar da hankalinta wata goma sha ɗaya, har ƙullutun ya kai girman ƙaramin goro, wata kaluluwa mai tauri kuma ta fito a gefensa.

Da ta je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kafin ya taɓa wuyan sai ya ƙura masa ido. Fatar wurin ta ɗan fi sauran duhu, wuyan kuma siriri ne fiye da yadda ya dace da jikinta, saboda gashi kan tauye girman tsoka da ƙashin yaro a inda ya sauka. Ya ce, "Hajiya, an taɓa gasa miki wuya da inji kina ƙarama?" Ta ce ba ta sani ba, sai ta tambayi Umma. A daren Yaya ta jawo adakarta daga ƙarƙashin gado, ta fito da wata leda da take ajiye takardun gida. A ciki akwai wani kati da ya yi ruwan ƙasa, gefensa gara ta ɗan taɓa, amma rubutun yana nan: sunan ciwon, wurin da aka gasa, 25.2, zama 14. Yaya ba ta karanta boko, ta dai ajiye ne don ta ga likita ya sa hannu. Katin nan shi ya sauya yadda aka ɗauki ƙullutun Auta gaba ɗaya.

Dalili kuwa, likitoci sun daɗe da sanin wannan alaƙa, kuma da tsada suka koye ta. Daga shekarun 1920 zuwa na 1950, a Amurka da Turai, da hasken eksire ake maganin abubuwan da ba su kai sun kawo ba: ƙurajen fuska, kumburin maƙogwaron yara, kora a kai. A 1950 wasu likitoci biyu a Amurka, Duffy da Fitzgerald, suka duba yara 28 masu kansar tairod, suka lura da yawansu an haska musu wuya da ƙirji suna jarirai. A Isra'ila, tsakanin 1948 da 1960, an haska kan dubban yara don maganin kora. Da aka bi sawun sama da 10,000 daga cikinsu, aka tarar kansar tairod ta ninka a tsakaninsu kusan sau huɗu, alhali matsakaicin abin da ya isa tairod ɗinsu wajen Gy 0.09 ne kawai. Ƙarin da ke fitowa a lulluɓin ƙwaƙwalwa shi ma ya yawaita a cikinsu. Sai hatsarin tashar nukiliya ta Carnobil da ke ƙasar Yukiren a watan Afrilun 1986, inda zuwa 2005 aka ƙirga sama da mutum 6,000 da suka kamu da kansar tairod cikin waɗanda suke yara a lokacin.

Abu biyu ne suka fi auna haɗarin. Na farko shekaru: ɗan ƙasa da shekara 5 ya fi kowa, haɗarin yana raguwa da girma, wanda ya haura 20 nasa kaɗan ne ƙwarai. Na biyu yawan hasken, kuma a nan akwai abin da ke ba mutane mamaki. Haɗarin yana hawa ne har zuwa wajen Gy 20 zuwa 30, daga nan sai ya fara sauka, saboda haske mai yawa kashe ƙwayoyin tairod yake gaba ɗaya, matacciyar ƙwaya kuwa ba ta zama kansa. Auta yarinya ce, mace ce, ta kuma sha 25.2. A tsakiyar inda haɗarin ya fi tsanani ta faɗo.

Aka yi mata sikanin na wuya. Akwai abubuwan da mai hoto yake nema: ƙullutu mai duhu wanda ba ruwa a ciki, bakinsa ba a daidaice ba, da ɗige-ɗigen farare kamar an barbaɗa gishiri, da kuma wanda tsayinsa ya fi faɗinsa. Nata santimita 2.3 ne, yana da uku daga cikin waɗannan. Ƙullutun da ya kai santimita 1 da irin wannan kama, tsira masa allura ake yi. Siririyar allura ce, ta fi ta ɗibar jini sirantaka, ana kallon sikanin ana shigar da ita, a zuƙo 'yan ƙwayoyi a shafa a gilashi. Minti goma an gama, ta koma gida a adaidaita sahu. Akwai masu cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Ba haka ba ne, kuma wannan maganar ta jawo wa mutane da yawa jinkirin da ya cuce su. A cikin jama'a gaba ɗaya kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai na ƙullutun tairod ke zama kansa, amma ga wanda aka gasa yana yaro rabon ya fi haka, shi ya sa ba a yi masa jira mu gani. Sakamakon Auta ya nuna kansar tairod ce irin fafilari, ita ce gashi ya fi haifarwa, ita ce kuma ta fi sauƙin magani. Fiye da mutum 9 cikin 10 suna raye bayan shekara goma.

Ta tambaye ni a ranar, "Kawu, tsohon ciwon ne ya dawo?" Na ce a'a, wannan sabo ne, nau'insa daban, maganinsa daban.

An cire tairod ɗin duka, ba ɓari ɗaya ba, tare da kaluluwar da ta kamu. Hikimar ita ce hasken duk fukafukan biyu ya ratsa, in an bar ɗaya ana iya dawowa a sake yanka, yanka na biyu kuwa a wuyan da ya sha gashi ya kuma yi tabo ya fi na farko haɗari. Abu biyu likita yake kaffa-kaffa da su. Akwai jijiyar murya da ke bi ta bayan tairod kowane gefe, in ta taɓu murya ta dishe, shi ya sa ake leƙa maƙogwaro da kyamara kafin aiki da bayansa. Akwai kuma wasu 'yan tsokoki huɗu, kowace kamar ƙwayar shinkafa, manne a bayan tairod, su ke riƙe da ma'aunin kalsiyam a jini. A kwana na biyu da aiki Auta ta ce leɓɓanta suna mata kamar tafiyar kiyashi, yatsunta ma haka. Da nas ta ɗaura mata abin awon jini ta hura, sai hannun ya ƙandare, yatsun suka haɗe wuri guda, babban yatsa ya lanƙwashe ciki. Kalsiyam ne ya faɗi. Aka yi mata allurarsa ta jijiya a hankali, aka ɗora ta a kan ƙwayoyinsa da bitamin D. Cikin mako shida tsokokin suka farfaɗo. Duk wanda aka yi wa wannan aiki ya ji wannan kiyashin, ko a gida ne, kada ya bari sai da safe.

Saboda ciwon ya taɓa kaluluwa, sai da aka ƙara mata da aidin mai haske, wanda ake haɗiya ya bi jini ya ƙone ragowar ƙwayoyin tairod duk inda suka ɓuya. Shirinsa ya fi shan sa wuya. Ta yaye ɗanta tun da sauran fiye da mako shida, domin aidin ɗin yana taruwa a nono. Ta zauna kusan mako huɗu ba maganin tairod don TSH ya haura 30, jiki ya yi nauyi, fuska ta kumbura, sanyi ya dame ta a tsakiyar zafin Kano. Mako biyun ƙarshe ba gishirin leda, ba dunƙulen magi, ba kifi, ba madara, ba gwaiduwar ƙwai. Bayan ta sha, ta yi kwanaki a ɗaki ita kaɗai, kofinta da kwanonta daban, yara suna gidan Yaya. Aka kuma ce kada ta ɗauki ciki sai bayan wata shida zuwa shekara.

Yanzu ƙwaya ɗaya take sha kullum har ƙarshen rayuwa, lebotairoksin. Ƙanƙanuwa ce amma tana da sharuɗɗa. Da ruwa zalla ake shan ta, ciki ba komai, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin koko ko shayi. Maganin ƙarin jini da kalsiyam suna hana ta shiga jiki, sai a ba su tazarar awa huɗu. In an sauya yawanta, sai bayan mako shida zuwa takwas ake sake gwajin TSH. Kada a bar ta a taga ko cikin mota, zafi yana rage mata ƙarfi. Akwai kuma gwajin tairoglobulin, sinadarin da tairod kaɗai ke yi: wanda ba shi da tairod ya kamata nasa ya kusa sifili, in ya fara hawa to a nemi dalili.

Katin Yaya bai tsaya a wuya ba. Tunda gashin ya sauko saman ƙirji, Auta tana cikin matan da ya kamata a fara duba musu nono da hoto duk shekara tun suna da 25, ko shekara 8 bayan gashi, duk wanda ya zo daga baya. Ta makara da shekara biyar, amma hoton ya fito lafiya. Jan ruwan nan na kemo da gashin ƙirji kuma duka suna iya raunana zuciya a hankali, don haka an haɗa mata da hoton zuciya lokaci-lokaci.

Manya da aka gasa saboda kansar bayan hanci ko ta maƙogwaro ko ta baki, nasu lissafin daban ne. Su Gy 66 zuwa 70 suke sha cikin mako bakwai. Kansar tairod ba ta cika damunsu ba, abin da ya fi samunsu shi ne tairod ta yi rauni ta kasa fitar da isasshen sinadarinta, daga mutum 1 cikin 5 har zuwa kusan rabi, gwargwadon hasken da ta sha. Kasala, jin sanyi, ƙiba ba dalili, bushewar ciki, sai a yi ta cewa gajiyar jinya ce, alhali gwajin TSH duk wata shida zuwa shekara zai kama shi. Yawu yakan ƙafe, haƙora su rube, kuma cire haƙori a muƙamuƙin da ya sha gashi mai yawa yana iya barin ramin da ba ya warkewa har ƙashi ya mutu. Don Allah kada a kai irin wannan bakin wurin mai cire haƙori na kasuwa, likitan haƙori ma a gaya masa tun kafin ya ɗauki ƙarfe. Sabon ciwon daji a inda aka gasa, a ƙashi ko tsoka ko fata ko wurin da hangum ke kumbura a gaban kunne, yana faruwa amma ba kasafai ba, yawanci bayan shekara goma. Wanda ya ci gaba da taba ko shisha bayan gashi, shi ya fi kowa jawo wa kansa na biyu. Gyambon baki da ya wuce mako uku, dishewar murya da ta ƙi tafiya, sabon ƙulli ko da ba zafi, ciwon kai sabo mai naci ga wanda aka gasa wa kai, duk na zuwa asibiti ne a makon, kuma maganar farko da za a gaya wa likita ita ce an taɓa yin gashi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, da likitocin tairod, da lab ɗin duba nama.

Abin da nake tsoro shi ne wani uba ya karanta wannan ya ce ba za a gasa masa ɗa ba. Mafi yawan yaran da aka gasa ba za su taɓa yin kansa ta biyu ba, ciwon da ke gabansu kuwa in an bar shi kisa yake cikin 'yan shekaru. Injinan yanzu kuma suna lanƙwasa haske ya bi siffar ciwon, ana rage wa yara yawansa, wasu ma kemo kaɗai ke isar su. Hoton haƙori ko na ƙirji da ake yi a asibiti shi ma ba a wannan layin yake ba, haskensa bai kai ɗaya cikin dubu na gashi ba. Abin da ya wajaba a kan iyaye shi ne ranar sallama su nemi takarda mai ɗauke da sunan ciwon, da wurin da aka gasa, da jimillar Gy, da sunayen magungunan kemo, da shekarun yaron. In yaron ya yi hankali a zaunar da shi a gaya masa. Duk shekara likita ya lalube wuyan da hannu, a yi TSH, in an ji wani abu a yi sikanin.

Shekara uku ke nan da aikin Auta. Tabon ya kwanta cikin layin wuyanta, sai ka matso za ka gan shi. Mijinta yanzu ya san komai, shi yake tuna mata ranar asibiti. Katin nan an yi masa kwafi uku, an ɗauki hotonsa a waya, na asalin kuma Yaya ta ce a mayar mata da shi cikin adakarta. Da azumi Auta takan tashi awa ɗaya kafin sahur ta haɗiyi ƙwayarta da ruwa, sannan ta ɗora tukunya. Gwajin tairoglobulin ɗinta na watan jiya ya fito ƙasa da 0.2, sikanin na gaba kuma bayan Babbar Salla ne, in Allah ya kai mu.